Tufafin Matan Ƙasar Gumel, Jiya da Yau

Hausawa suna cewa zamani riga. In kuwa akwai inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa fili, to, a jikin mata ne. Yau in ana biki a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, sai ka ga kaka da zanen atamfa da babban mayafi, uwa da hijabi har ƙasa, ɗiya kuwa da abaya ko doguwar rigar leshi, alhali duk daga gida ɗaya suka fito. Sau da yawa wannan bambanci yakan jawo ka-ce-na-ce. Manya su ce 'yan matan yanzu sun bar hanyar iyaye, 'yan mata kuma su ce manya ba su san abin da duniya take ciki ba. To, kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu tambayi kanmu, wace ce hanyar iyayen nan? Kakar da take faɗa, shin abin da uwarta ta ɗaura shi ita ma ta ɗaura? In muka bi sawun al'amarin a hankali za mu tarar kowane zamani ya sake suturarsa, kuma kowane sauyi da dalilinsa. Za mu kuma tarar da wani abu wanda ya fi gardamar tsawon riga muhimmanci, watau yadda tufa ta fita daga hannun macen ƙasarmu, ta koma abin da sai an saya mata.

Da farko sai mu dubi inda Allah Ya ajiye mu. Ƙasar Gumel tana tsakanin manyan wuraren ciniki uku, ga Kano ta kudu maso yamma, ga Barno ta gabas, ga kuma Damagaram ta arewa. Masu tarihi sun ce wajen 1750 Mangawa suka kafa wannan sarauta, kuma ta daɗe tana bin Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar garin babbar matattarar cinikin kanwa ce. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ashe ke nan tun zamanin fatake da jakuna da raƙuma kaya suna ratsa ƙasarmu. Inda kaya suka ratsa kuwa, ido yakan gani, rai ya biya.

Duk da haka, a wancan zamani, har zuwa bayan shigowar Turawa a 1903, yawancin abin da mace take ɗaurawa daga hannunta yake somawa. In an tsinci auduga da kaka, sai ta zauna ta gurje ta a kan magurji ta fid da angurya, sa'an nan ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi. Daga nan ta ɗauki mazari, ta shafa alli a yatsu, ta shiga kaɗi. Akwai zare siriri mai ƙarfi, akwai kuma abawa mai kauri, kowanne da amfaninsa wajen saƙa. Da dare tsofaffi sukan yi kaɗi a hasken fitilar aci-balbal suna yi wa jikoki tatsuniya. In zare ya taru, ko dai mace ta ba masaƙi ya saƙa mata, ko ta aika da shi kasuwa a sayar ta sami na kashewa. Masaƙi yakan saƙa shi dogo-dogo marar faɗi, kamar faɗin tafin hannu, sa'an nan a harhaɗa da allura ya zama zane. In ana son launi, sai a kai karofi wurin marina, su tsoma shi a ruwan baba da toka, su fitar ya sha iska, su sāke tsomawa, har ya yi duhun da ake so. Bayan haka mabuga su buge shi da shuni sai ya ɗauki ƙyalli. Ka ga zane ɗaya ya ciyar da manomi, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mabugi, kuma dukansu 'yan ƙasa ne.

Tufafin wancan lokaci suna da sunayensu. Akwai saƙi, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi kamar jikin zabo. Akwai bunu mai duhu, da turkudi mai ƙyalli wanda garin Kura ya yi suna a kansa, har Buzaye suna tahowa daga nesa don saye. Akwai barage mai ratsin jan alharini, da tsamiya, waɗanda sai matan sarakuna da na attajirai. Gwado kuwa na lokacin hunturu ne. Yadda ake sawa ba wuya. Mace ta ɗaura fatari daga ciki, ta yi ɗaurin ƙirji da zane, in matar aure ce za ta fita sai ta yafa wani zanen a kanta. Yarinya budurwa ta ɗaura zanenta ɗaya, da jigida a ƙugu, ta ɗauki tallarta ta tafi. Riga ba ta cikin lissafi. Ado kuwa ya fi yawa a jiki bisa ga tufa: a yi doka a kai a shafe ta da shuni da man shanu, a rambaɗa kwalli, a zana katambiri a fuska, a ci goro da fure haƙora su yi ja, a ƙunsa lalle a zura hannu cikin zunguru, a sa munduwa da tsakiya da murjani.

A nan akwai abin lura ga iyayenmu. In aka auna da ma'aunin yau, kakannin kakanninmu, musamman na ƙauye masu zuwa gona da rijiya, ba su kai 'yan matan yanzu rufe jiki ba. Wannan kuwa ba rashin kunya ba ne. Tufa ce take da tsada, don zane ɗaya aikin watanni ne, mace takan yi shekaru da zane biyu ko uku, in ta rasu a raba su cikin gādo. Saboda haka in mun ce a koma hanyar dā, sai mu san wane dā muke nufi.

Abin da ya fara girgiza mazari shi ne jirgin ƙasa da gyaɗa. Jirgi ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka ja layin da ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Ƙasarmu mai jigawa ce, gyaɗa tana son ta. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da Kwarori, suka kafa ma'auna suna sayen gyaɗa, suna kuma sayar da kayan kanti. Manomi ya kai gyaɗarsa ya karɓi fam da sule, ya biya haraji, abin da ya ragu ya sayo wa iyali tufa. Jirgin da ya tafi da buhunan gyaɗa shi ne ya komo da akoko, da alawayyo, da karan-miski, da kuma uwa-uba atamfa.

Mutane da yawa suna tsammani atamfa tamu ce tun asali, amma labarinta ya faro daga nesa ƙwarai. Mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya suna da wata dabara ta zana wa tufa ado da kakin zuma kafin a rina ta, inda kaki ya taɓa rini ba ya kamawa. Turawan Holan da suka mallake su suka ƙera injin da zai kwaikwayi wannan aiki, amma mutanen Jawa ba su karɓi na inji sosai ba. Sai kasuwarsa ta buɗe a bakin tekun Afirka ta Yamma, musamman ƙasar da ake kira Ghana yanzu, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kamfanin Vlisco na Holan, wanda aka kafa tun 1846, da masaƙun birnin Mancesta na Ingila, su suka riƙa bugo ta suna aikowa. Shi ya sa har gobe mace takan ce tata Holan ce, ko Ingila, watau tana kiran tufar da sunan ƙasar da ta fito.

Ba abin mamaki ba ne da mata suka rungumi atamfa. Ba ta da nauyin saƙi, tana bushewa da wuri, ga launi iri-iri, kuma ba ta ɓata jiki kamar yadda shuni yake yi. Daɗin daɗawa, ga keken ɗinki ya shigo, irin su Singer, teloli suka zauna a bakin kasuwa. Daga wajen Yarabawa da sauran mutanen Kudu da jirgi ya kawo aka ga rigar buba, aka kwaikwaya. Fatala da adiko suka rufe doka. Kafin a sami mulkin kai a 1960, macen gari ta riga ta san riga da zane da kallabi da gyale, kuma turmi ɗaya mai yadi 6 ya isa a fid da ukun farko. Wannan shiga, wadda yau muke kira ta gargajiya, a zamaninta ita ce sabuwar yayi, kuma babu shakka tsofaffin lokacin sun yi gunaguni a kanta kamar yadda na yanzu suke yi. Matan Fulani na rugage su ne suka fi daɗewa riƙe da saƙar hannu, har yanzu akan ga 'yar rigarsu da zanenta ran biki ko ran kasuwa.

Shugabannin Jihar Arewa sun lura cewa audugarmu tana fita da araha, ta komo mana tufa da tsada. Don haka a zamanin Sardauna Ahmadu Bello aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, wasu kuma suka tashi a Kano da Ikko. Audugar Funtuwa da Gusau ta sami masaya a gida, dubban 'yan Arewa suka sami aiki, atamfar Nijeriya ta shiga lefe tare da ta waje. Mazari dai ya ci gaba da mutuwa, amma aƙalla kuɗin zane yana zagayawa cikin ƙasa.

Shekarun 1970 su ne suka zo da sauyi mai yawa cikin ɗan lokaci. Ta gefe ɗaya ga farin 1973 ya taɓa ƙasarmu ƙwarai, ga cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Ta ɗaya gefen kuma ga kuɗin man fetur. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata, aka shiga sayen rediyo da babur da tufafi. A nan ne leshi da shadda da boyel, waɗanda ake kawowa daga ƙasashen Turai irin su Ostiriya da Suwizalan, suka sami shiga. Da gwamnatin soja ta ga kuɗi yana zurarewa waje, sai ta hana shigo da tufafi a ƙarshen shekarun nan don ta kāre masaƙun gida. Amma an ce hana wani, hana kai. Kayan suka riƙa sauka a Kwatano, su hau Nijar, su gangaro ta Maraɗi da Damagaram su shigo ta iyaka. Mu da muke zaune a bakin iyakar, da dangi a Dungas da Magarya, ba mu taɓa rasa ganin sabuwar atamfa ba.

Cikin waɗannan shekaru kuma aikin hajji ta jirgin sama ya yawaita. Hajiya ta komo da haƙorin Makka, da sarƙar zinariya, da tsarabar gyale, ta kuma komo da abin da idonta ya gani na yadda matan wasu ƙasashen Musulmi suke lulluɓi. Sa'an nan a 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara mata da yawa na ƙauyukanmu suka sa rigar makaranta, wadda ita ce ɗinkakkiyar rigar farko ga wasunsu.

Daga nan sai hijabi, wanda shi ne sauyi mafi girma da aka yi tun bayan zuwan atamfa. Addini ya daɗe da umurtar mata da rufe jiki, malamai kuma sun daɗe suna wa'azi a kai, amma da zane da mayafi ake yi. Ɗinkakken hijabi mai zagaye fuska ya bazu ne tare da makarantun Islamiyya. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ta matsa a kan karatun matan aure, malaman ɗariƙu su ma suka buɗe nasu makarantun, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN kuma ta kafu a 1985. Da fari wasu suna yi wa hijabi kallon alamar wata ƙungiya, har akan yi saɓani a cikin gida saboda shi. Amma sannu a hankali kowa ya ɗauka, don amfaninsa a fili yake. Ba ya zamewa kamar gyale, yana barin hannu ya yi aiki, ba shi da tsada, kuma yana rufe asirin wadda zanenta ya tsufa, ta tsaya sahu ɗaya da matar attajiri. Babban abin da ya yi shi ne ya buɗe wa mace ƙofa. Maigidan da a dā ba ya yarda matarsa ta fita da rana, sai ga shi ya bar ta ta tafi Islamiyya, ta tafi asibiti awo, daga baya har ta tafi aiki. Lokacin da Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a 2000, hijabi ya riga ya zama ruwan dare, ya kuma shiga cikin kayan makarantar 'yan mata.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da zuwan hijabi yayi ya tsaya. Ƙarƙashinsa ɗinki ya ci gaba da juyawa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, Holan ta fi ƙarfin talaka, gwanjo ya cika kasuwa. A 1987 Maryam Babangida ta soma shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, mata suka riƙa ganin ɗaurin ɗankwalinta a talabijin suna kwaikwayo. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, ma'aikata mata da suka zauna a Kano suka komo gida da ɗinkin birni. Wajen wannan lokaci kuma finafinan Hausa na bidiyo suka tashi, tun daga Turmin Danya na 1990, suka haɗu da na Indiya da aka daɗe ana kallo. Abin da 'yar wasa ta sa yau, shi za a kai wa tela gobe. Siket ya soma ture zane, riga ta soma bin jiki, gyale ya ƙanƙance har wani ba ya rufe kafaɗa. Yawancin ƙorafin da manya suke yi a nan ya samo tushe, kuma gaskiya ne cewa tufar da ta matse har ta siffanta jiki ba ta biya bukatar sutura ba, ko da ta kai ƙasa.

Muna cikin wannan gardama ta ɗinki, sai wani babban abu ya faru wanda ba mu mai da hankali a kansa ba. Masaƙunmu suka mutu. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki, da tsadar man inji, da fasa-ƙwauri, da kuma atamfar ƙasar Sin mai araha, suka taru suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Kantin Kwari ta Kano, inda 'yan kasuwarmu suke saro kaya, ta cika da 'yar Caina, wadda sau da yawa zanen Holan ne aka kwaikwaya. Ba za a ce ba a amfana ba, don yau matar talaka tana da zannuwan da kakarta ko a mafarki ba ta mallaka ba. Amma fa kowane turmi da aka saya, kuɗin riɗinmu da zoɓonmu da dabbobinmu ne ya haye teku.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma aka sami mai ɗaukar hoto da intanet. A dā yayi yakan yi shekara kafin ya taso daga Kano ya kai ƙauyukan Sule Tankarkar, yanzu kuwa ɗinkin da aka sa a Abuja da safe, kafin la'asar an gan shi a WhatsApp ko TikTok an tura wa tela. Abaya ta zo daga Saudiyya da Dubai. Lafaya, da humra, da dilka suka taho daga Barno da Cadi da Sudan, watau tsohuwar hanyarmu ta gabas ta sāke buɗewa. Anko da gwaggwaro daga Yarabawa aka aro su. Ɗaurin ɗankwali ya sami sunaye har da ture-ka-ga-tsiya. Lalle ya bar zunguru ya koma na salatif, sa'an nan na dayis mai zanen furanni. Katambiri da fure sun ɓace, kwalliyar amarya ta zama sana'a mai zaman kanta. A cikin wannan yayi akwai guda ɗaya da ya kamata a guje masa, shi ne shafa man sauya launin fata. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wasu daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadarai masu lalata fata da ƙoda. Zane in ya tsufa a sake wani, fata fa?

In ana son a ga dukan tarihin nan a wuri ɗaya, sai a dubi lefe. Kalmar kanta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a ciki ake sa 'yan zannuwan amarya. Daga kwando aka koma kwalla, daga kwalla aka koma fantimoti, yau kuwa saitin akwatuna ne, wani na atamfa, wani na leshi, wani na takalma da jakunkuna, wani na kayan shafa. Mata su taru su ƙirga turame, a fita da labari unguwa-unguwa. Sakamakon haka kowa ya san shi. Saurayi mai sana'arsa da hankalinsa ya yi shekaru yana tara lefe aure ya gagara, wani ya ci bashi, wani ma ya aro kaya a nuna a mayar. Uwa ta sayar da akuyarta don ɗiyarta ta shiga anko, rigar da ba za a sa ta fi sau biyu ba. Abin da a dā mace take fitarwa da yatsunta, yau shi ne yake hana 'ya'yanta aure.

Mu mutanen bakin iyaka mun ɗanɗana abin da dogaro da kayan waje yake jawowa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An sāke rufe iyakar Nijar a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi can, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. A 2023 ɗin kuma naira ta faɗi warwas, kuɗin turmi ya yi tashin gwauron zabo. Duk lokacin da haka ta faru, ba mu da wani abin da za mu koma gare shi, don mazari ya shiga rumbu, karofi ya cike da ƙasa, masaƙa kuma ta rufe. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

To, mene ne abin yi? Ba wanda zai ce a komo da ɗaurin ƙirji, ko a tilasta wa 'yar sakandare kaɗi a hasken aci-balbal. Ruwan da ya wuce ba ya komowa. Amma akwai rabon da har yanzu yake hannunmu. Ko da yadin na waje ne, ɗinki namu ne, kuma mata da yawa a garuruwanmu suna ci da kansu da keken ɗinki a cikin ɗaki, suna ɗinka hijabi da kayan makaranta da na yara. Rini, da saƙa, da zanen lalle, da kitso, da haɗa turare, duk hanyoyin abinci ne. Ya kamata mu ɗalibai mu ɗauki darasin koyon sana'a da na kula da gida da muhimmanci kamar yadda muke ɗaukar lissafi, mu kuma zauna da tsofaffin da suka rage waɗanda suka san kaɗi da saƙa, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Wadda Allah Ya ba ta ci gaba da karatu, akwai fannin zane da sarrafa tufafi a manyan makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Masaƙun da suka mutu ba za su tashi da kansu ba, sai an sami waɗanda suka san aikin.

Ga 'yan'uwana mata, kafin ki kai wa tela hoto, ki tambayi kanki ko wannan ɗinki zai suturta ki, ko kuma aljihun mahaifinki zai ɗauka ba tare da bashi ba. In kin ga tsohuwa da saƙinta, kada ki yi mata dariya, don ita ta san yadda ake yin tufa, ke kuwa sawa kaɗai kika sani. Ga iyayenmu kuma, muna roƙo a riƙa yi mana gyara da lalama, a tuna cewa buba da gyalen da kuka taso da su, su ma a ransu baƙi ne. Muna kuma roƙo a sassauta lefe, a rage anko, don ku ne masu ƙirga turame, ku ne kuma masu ikon cewa ya isa. Albarkar aure ba a cikin akwati take ba.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya sa albarka a karatunmu da sana'ar hannunmu, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.